Igiyar da Ba a Yanke Ba

Magariba ce irin ta kullum, ba abin da ya bambanta ta da ta jiya. Rana ta faɗa bayan gidajen unguwa, ɗan hasken da ya rage ya kwanta ja a saman katanga, hayaniyar titi ta fara lafawa. Mai Ƙulli yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da buta a gabansa, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida. Auta kuma, ƙaramar 'yarsu da ta rage musu a gaba, tana durƙushe a gefe tana wanke kwanuka.

Sai igiyar shanyar ta motsa.

Ba iska ba ce, don ko ganye bai kaɗa ba a wannan maraice. Ja aka yi mata, ja ɗaya, dogo mai nauyi, har ƙarfen tagar da aka ɗaure ta a jiki ya yi ƙara, rigunan da suka rage a kanta suka yi tsalle suka dawo.

"Auta, ki bar wasa da igiyar nan," in ji uwar, ko waiwayawa ba ta yi ba.

"Mama, ni da hannuna ke cikin kumfa?"

Uwar ta dubi 'yar, ta dubi igiyar, ta yi tsaki ta ci gaba da ninke kaya. Mai Ƙulli kuwa ya kafa wa igiyar ido. Ruwan butar yana zuba a kan ƙafarsa har ya ƙare bai sani ba, domin ya san wannan jan. Ya taɓa jin sa sau ɗaya a tafin hannunsa, kuma tun daga ranar yake roƙon Allah kada ya sake ji.

Aikin gyaran gada suke yi, shi da ƙaninsa. Babbar gada ce ta ƙarfe a kan kogi, kuma masu wucewa a kanta da mota ba su san akwai mutanen da ke lilo a ƙarƙashinsu ba, ɗaure da igiya, suna kankare tsatsa, suna ɗaure noti, suna shafa fenti. Mai Ƙulli ne ya fara shiga aikin, kuma a zamaninsa ba a yi mai ɗaurin igiya kamarsa ba, shi ya sa sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Shi ya kawo ƙanin, yaro siriri mai rawar kai. Shi ya koya masa cewa ba a sauka da igiya ɗaya sai biyu, ko ɗaya ta ci amana ɗaya ta riƙe. Shi ya koya masa cewa ba ka amincewa da ƙullin da ka yi da hannunka sai abokin aikinka ya duba. Yaron kuwa ya ɗauke aikin kamar da shi aka haife shi. Yadda yake ratayewa a ƙarƙashin gada, kai a ƙasa, yana fito abinsa, ya sa 'yan aiki suka raɗa masa Jemage.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kafaɗar Mai Ƙulli ta fara ciwo, likitan kamfani ya hana shi lilo, aka mai da shi mai tsaron ƙofa. A shekarar nan kuma aka ɗora Jemage a kan 'yan igiya gaba ɗaya. Mai Ƙulli ya yi masa murna a gaban mutane, ya dafa shi, ya ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne. Da ya koma gida loma ta ƙi wuce masa. A faɗi gaskiya, kishi ne ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ko a cikin sallah. Abin da ya fi ci masa rai ma ba muƙamin ba ne, Auta ce. Yarinyar ba ta da hira sai ta Jemage, Baba Ƙaraminta: Baba Ƙarami ya sauka har yana taɓa ruwa da ƙafa, Baba Ƙarami ba ya jin tsoron komai. Wani lokaci in ɗoki ya kwashe ta har "Ƙaramin" takan yar, ta ruga ƙofa tana "Baba ya zo!", alhali ubanta yana zaune a tsakar gida yana jin ta.

Shi tsaron ƙofa ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake shi yana ganin an ajiye shi ne kamar tsohon takalmi. Cikin gadar rami ne, dogon akwatin ƙarfe mai ɗaki-ɗaki, baƙi ƙirin, ana shigarsa ta wata 'yar ƙofa da ke ƙarƙashi wadda da ƙyar kafaɗar namiji ke wucewa. Tsatsa tana shanye iskar wurin a hankali, mutum ya shiga yana jin kansa lafiya lau, sai kawai barci ya ɗebe shi ya zube. Don haka ba a shiga sai an hura iska da fanka, an gwada ta da na'ura, an kuma maƙala wa mai shiga igiya a bayan ɗamararsa. Ɗaya bakin igiyar yana hannun mai tsaron ƙofa, wanda ke zaune a kan ɗan dandamali a waje, kogi na gudu a ƙarƙashinsa. Oba-oba, rediyon hannu da ake magana da shi, ba ta aiki a cikin ƙarfen nan, saboda haka da igiya ake magana. Na waje ya ja, na ciki ya amsa. In ba amsa, sai a busa usur, masu tukunyar iska su shiga. Shi mai tsaro ko uwarsa ce a ciki an hana shi bin ta. Kowane ma'aikaci da irin amsarsa, kamar yadda kowa da irin tafiyarsa. Ta Jemage biyu ce, gajeru, masu sauri.

Ranar da abin ya faru, Jemage ya shiga har ɗakin da ke can ƙurya, bututun fanka kuma ya lanƙwashe a wani lungu ba wanda ya lura. Mai Ƙulli ya ja, amsa ta zo biyu. Ya jima ya ja, biyu. Ya sake ja, sai ya ji ɗaya, doguwa, mai nauyi.

Ya san ba hannun ƙaninsa ba ne. Shi ya reni hannun nan, ko cikin barci zai gane shi. Usur yana rataye a wuyansa, amma ya zauna. Ya dubi kogi, ya ce a ransa ai an amsa, doka kuwa ta ce in an amsa shi ke nan. Wani abu a can ƙasan zuciyarsa ya miƙe ƙafa ya ji daɗi. Zaman bai daɗe ba, bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba, sannan ya zabura ya busa usur har kunnensa ya toshe. Aka shiga aka fito da Jemage a sume, leɓensa ya yi baƙi, aka ba shi iska ya farfaɗo. Kowa ya yaba wa Mai Ƙulli, injiniya ya ce a yi koyi da shi. Jemage daga gadon asibiti ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, bayan Allah sai kai."

Wajen jawo shi igiyar ta gogi bakin ƙarfe, aka duba aka ce ta mutu. A wannan aiki igiyar da ta mutu ba a ajiye ta, ba a ba da ita kyauta. Gunduwa-gunduwa ake yanka ta, don kada wata rana wani ya ɗauka ya rataya ransa a kai. Mai sito ya miƙa wa Mai Ƙulli ita tare da wuƙa. Shi kuwa ya dubi igiya sabuwa fil in ban da ɗan tabon nan, ya tuna matarsa ta ishe shi da maganar igiyar shanya, sai ya cusa ta a jaka. Mutumin da ya tsufa yana yi wa yara faɗa a kan doka, shi ya yi wannan.

Ashe jan da aka yi wa igiyar a tsakar gida a wannan magariba sallama ce kawai. Washegari, daidai lokacin da haske ya fara mutuwa, wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro ya faɗi a tsakar gida. Matar ta fita tana sababi tana neman yaran maƙwabta, ta tarar da layi wayam. Auta ce ta tsinto abin ta kawo wa ubanta. Noti ne, ƙato, tsatsa ta cinye shi, da danshi a jikinsa. Irin wannan noti wuri ɗaya ake samunsa a garin, kuma ba a sayar da shi a kasuwa.

Daga nan kowace magariba da nata. Noti, ɓarɓashin tsatsa, guntun kankare, suna sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai jifan ba shi da wurin zuwa. Wani wari ya shiga gidan, warin ƙarfe da na ruwan da ya daɗe a kwance, a share a yi turare ba ya fita. In gida ya yi tsit akan ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ji a cikin gada in manyan motoci suna wucewa a sama. Matar ce ta fara lura cewa ba a jifan sai mijinta ya kira wani. Ya ce "Maman Auta", noti ya sauka. Ya gaisa da maƙwabci ta kan katanga, noti ya sauka. Ranar da ya ambaci ƙaninsa ana cin abinci, kofin da ke gabansa ya tsage gida biyu.

"Baban Auta," ta ce da shi a hankali, "abin nan kishinka yake yi."

"Ke dai ba ki rasa abin faɗa."

"To ka gaya mini, me ka ɗebo mana?"

Ya tashi ya bar mata wurin.

Ya kwance igiyar ya cusa a buhu ya jefa bayan ɗaki. Da magariba ya fito ya same ta a miƙe daga taga zuwa turke, an ɗaure ta da ƙullinsa, wanda ko Jemage bai iya shi daidai ba. A ƙarƙashinta kuma Auta ce zaune, ta riƙe bakin igiyar da hannu biyu, idonta a buɗe amma ba ya ganin kowa. Numfashi take yi sama-sama kamar wadda ta sha gudu. Uwar ta kira ta, shiru. Shi ya ce, "Auta," sai ta ja igiyar, ja ɗaya, dogo.

Ya ɗauko wuƙa. Bakin wuƙar na taɓa igiya yarinyar ta ƙwalla ƙara, wani jan layi ya fito a wuyan hannunta kamar an karce ta. Ya yar da wuƙar, bai ƙara gwadawa ba.

Da rana takan dawo hayyacinta, a gajiye, ba ta tuna komai. An kai ta asibiti, likita ya duba ƙirji ya duba jini, ya ce shi bai ga ciwo ba, sai dai yarinyar tana numfashi kamar wadda aka rufe a wurin da ba iska. Kullum tana ramewa, kullum zaman igiyar yana ƙara tsawo. Leɓenta ya fara komawa launin da Mai Ƙulli ya gani a bakin ƙaninsa ranar da aka fito da shi.

Jemage ya zo duba ta da ledar lemo a hannu. Yarinyar da ke tsallake tabarma ta tare shi, ranar juya masa baya ta yi, da ya matso kuma ta tofa masa yawu a riga. Ga kuma abin kunya, wanda dole a faɗa: a cikin duk wannan tashin hankali, da Mai Ƙulli ya ga haka sai da ya ji wani ɗan sanyi a ransa. Kishi ba shi da kunya, ko a gidan makoki sai ya nemi wurin zama. Jemage dai bai yi fushi ba. Ya goge rigarsa, ya ɗaga kai ya ga igiyar, ya daɗe yana kallon tabon da ke jikinta.

"Yaya, wannan ba ita ce aka ce a yanke ba?"

"Zan yi maka bayani."

"Bayani ya jira," in ji Jemage. "Bari in nemo malami."

Malamin tsoho ne, ɗan firit, mai yawan tari, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya iso gab da faɗuwar rana, ya ƙi shiga ɗaki, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin igiyar. Aka yi sallah aka dawo. Uwar ta zauna ta rungume Auta ta baya, 'yan'uwan biyu suka tsaya a jikin bango da tazara a tsakaninsu. Sai da duhu ya fara cika kusurwoyin gidan sannan malamin ya soma karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa.

Noti ya sauka a kan kwano. Wani ya biyo shi. Sannan suka zubo gaba ɗaya kamar ƙanƙara, malamin ko ɗaga kai bai yi ba. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Can jifan ya tsaya cak. Auta ta miƙe zaune a hannun uwarta, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta tsoho ce, mai amo, kamar daga cikin tanki.

"Ya isa haka. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mai gida. Tun ranar da aka rufe cikin gadar nan da walda nake ciki."

"Me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Ba ruwana da ita. Igiyata na biyo. Ubanta nake so ya ji ni, shi kuwa ba ya jin kowa sai ita."

Malamin ya yi tari, ya kurɓi ruwa, ya ce ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Duniya tana bi ta kaina dare da rana," in ji muryar, "ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko akwai wani a ƙasa. Ban damu ba, don ban san ana tambaya ba. Sai ga waɗannan sun zo da fitilunsu. Sai ga wancan." Hannun Auta ya ɗago a hankali ya nuna Jemage. "Da igiya a bayansa, ana jan ta, ana sake jan ta. Kana nan? Kana lafiya? Shi wane ne? Da me ya fi ni? Ina gefe ina kallo har ya faɗi. Igiya ta motsa bai amsa ba, ni na amsa. Aka kuwa karɓa."

"Ku da ƙarya ba a raba ku."

"Tambayi mai igiyar. Hannu ba ya ɓoye wa igiya komai. Ya san ba ƙaninsa ba ne, ya zauna, ya ji daɗi. A wannan zaman ya ɗauke ni ya ajiye wancan. Nawa ne. Ba na tarayya a kansa da kowa, ko matar, ko 'yar."

 Matar ta ɗago ta dubi mijinta ta saman kan 'yarta. Malamin bai waiwaya ba, carbinsa kawai yake ja, sannan ya yi magana kamar da tabarma yake yi.

"Ni ban san wannan ba, aljani kuma ba shaida ba ne. In ƙarya ya yi, ka ce ƙarya ne, in ci gaba da karatu, abin zai tsinke ko ba yau ba. In kuwa gaskiya ce, to ƙullin naka ne, ba mai kwance shi sai kai. Sai dai yarinyar nan ba ta da numfashin jira."

An bar masa ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya zai faɗa kowa ya yarda, don wa zai gaskata aljani ya bar mutumin da injiniya ya yaba? Ya dubi Jemage, wanda har yanzu yake jiran ya ji an ce ƙarya ne. Ya dubi Auta, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar, yatsunta sun ƙage a kan igiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Gaskiya ne," ya ce. Ya ɗaga murya ya sake. "Gaskiya ne. Na san ba hannunka ba ne, na zauna. Kishinka nake yi, tun ranar da aka ɗora ka har yau da kake tsaye a nan."

Matar ta yi salati. Jemage bai motsa ba, sai dai fuskarsa ta rufe.

Muryar ta yi dariya a bakin Auta. "Kun ji ko? To ga ciniki. In wancan ya sake shiga, a bar mini shi, in bar muku yarinya."

"Ba a ciniki da ran mutum," in ji malamin.

"To mai igiya ya riƙa zuwa kowace magariba yana ja mini."

"Ba bawanka ba ne, bawan Allah ne."

"To ina nan."

Malamin ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta fara murɗewa a hannun uwarta, numfashinta yana yankewa yana dawowa, uwar tana kuka tana kiran sunan Allah. Nan ne Jemage ya bar jikin bango. Ya nemi izinin malamin, ya durƙusa a gaban yarinyar da ta tofa masa yawu, ya yi magana a tsanake irin yadda yake yi wa sabon ma'aikaci.

"Ka ce ya zauna. Na ji, kuma ba zan manta ba. Daga nan fa? Wa ya busa usur?"

Ya ƙara matsowa ya ci gaba.

"Kai ka amsa masa, ni ban amsa ba. Da amsarka ta ishe shi, da yanzu ina kabari. Yana riƙe da amsarka a hannu ya tashi ya bi shiruna. To wa ya ɗauka, wa ya ajiye?"

Abin da ya fito daga bakin Auta ba ihun fushi ba ne, kuka ne, dogo, mai ban tausayi, har igiyar tana rawa daga taga zuwa turke. Tsigar jikin Mai Ƙulli ta tashi, ba don tsoro kaɗai ba. Ya gane kukan, don irinsa yake yi a cikinsa tun da daɗewa.

"To ni shi ke nan?" in ji muryar, ta yi sanyi. "In koma, ku riƙa shigowa kuna wuce ni kamar tsatsa?"

Malamin ya gyaɗa kai. "A nan kam kana da gaskiya," ya ce. "Wanda ya shiga gidan wani, sallama ta hau kansa. Za su yi maka sallama in sun shiga, ba ƙari. Ba igiya, ba yanka, ba wani alkawari." Ya juya ya dubi Jemage.

"Ni ke kansu," in ji Jemage. "Za a yi."

Malamin ya sa aljanin ya rantse da Wanda ya halicce shi cewa ba zai sake kusantar gidan nan ko wani nasu ba. Ya rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, yatsunta suka saki, igiyar ta yi laushi ta sauko har tana jan ƙasa. Malamin ya ɗauki wuƙar da ke yashe a gindin turke tun rannan ya miƙa wa Mai Ƙulli. Ya ɗora ta a kan igiya yana kallon hannun 'yarsa, ba abin da ya fito. Ya yanka ta gunduwa-gunduwa yadda aka umarce shi tun farko, har ba guntun da ya isa a ɗaure akuya.

Auta ta ja numfashi, dogo, har ƙasan ciki, ta buɗe ido. "Baba, ƙishirwa nake ji."

Maza biyu suka motsa. Jemage ya tsaya, ya ja da baya, ya bar wa yayansa hanya. Kafin yarinyar ta gama shan ruwan ya raka malamin waje, bai dawo ba.

Jifa ya ɗauke, warin ya fita, Auta ta fara mai da jikinta. Ba ta tuna komai, ba kuma wanda ya gaya mata. Sai dai ta dami uwarta da tambayar abin da ya hana Baba Ƙarami zuwa. A wurin aiki Jemage yana gaishe da yayansa kamar yadda yake gaishe da mai gadi. Bai kai ƙara ba, bai faɗa wa kowa ba, wannan kuwa ya fi wa Mai Ƙulli zafi a kan a kore shi. Da kansa ya roƙi a mai da shi sito wajen wanke igiyoyi, aka mai da shi.

Amma aikin ɗakin ƙuryar nan na cikin gada bai ƙare ba, dole a koma a gama shi. Ranar komawa aka shimfiɗa sabon bututu, aka bi shi gwiwa-gwiwa aka tabbatar bai lanƙwashe ba, aka hura iska, aka gwada. Wani ma'aikaci mai natsuwa ya zauna a kan dandamali da sabuwar igiya a hannu. Jemage ya gama ɗaura ɗamara, ya tsaya a bakin 'yar ƙofar yana kallon duhun, sannan ya ce a kira masa yayansa daga sito.

Mai Ƙulli ya sauko ya maƙala ƙugiyar ɗamararsa a jikin dandamali, bai iya haɗa ido da kowa ba.

"Yaya, duba mini ƙullina."

Ya duba. Ya ja, ya juya, ya sake ja. "Ya yi."

Jemage ya karɓi bakin igiyar daga hannun wancan ya miƙa masa. Mai Ƙulli ya ƙi karɓa.

"Bayan abin da ka ji?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ce na huce ba," in ji Jemage. "Amma kowa a nan zai iya jin igiya ta motsa. Kai kaɗai ka san hannuna."

Ya ɗora masa igiyar a tafi, ya kunna fitilar hularsa, ya zura kai cikin ramin ya yi sallama da ƙarfi. Muryar ta bi ɗakunan ƙarfe ta tafi. Ya shige, igiya ta riƙa silalewa ta cikin hannun Mai Ƙulli a hankali, har hasken fitilar ya ɓace.

Motoci suna wucewa a sama, kogi yana gudu a ƙasa. Mai Ƙulli ya sa usur a tsakanin haƙoransa, ya yi bismillah, ya ja.

Amsa ta zo biyu, gajeru, masu sauri.

Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu. Bai share ba, don hannunsa biyu suna kan igiya.